Waldar da Abdulkabir Ya Goge

A garin Kunci akwai wani makaniken babur mai suna Abdulkabir. Hannunsa yana da kyau, wannan ba mai musu, amma son a gan shi ya fi ƙarfin hankalinsa. Ko noti ɗaya ya ɗaure sai ya ɗaga kai ya duba ko akwai mai kallo. Rumfarsa tana bakin tasha, kuma manoman ƙauyukan da ke kewaye su ne abincinsa. Su ke kawo masa babura ya ƙara musu tsawon kariya, wato mazaunin kaya na baya, ya ƙarfafa ta, don su ɗora buhu biyu na gero ko su ɗaure akuya zuwa kasuwa. Da aikinsu yake ci da iyalinsa, amma da sun juya baya "masu kaushi" yake kiransu.

A tsallaken titi akwai rumfar Sabiru, wanda suka koyi aiki tare a wurin maigida ɗaya. Sabiru ba shi da surutu, aikinsa kuma ba ya ɗaukar ido. Waldarsa tudu-tudu take fitowa kamar tabon ƙuna. Abdulkabir ya mai da wannan abin dariya, kullum sai ya nuna wa mutane yana cewa ko makaho ba zai yi irin wannan ƙazantar ba.

Abin da ya ƙarasa lalata shi waya ce. Ya samu wasu shirye-shiryen ƙasashen waje inda ƙarti ke ƙera dogayen babura masu walƙiya, suna jifa da sufana, suna yi wa juna tsawa. Gogan naka bai ga komai a ciki ba sai tsawar. A tunaninsa, wai ita ce alamar gwaninta.

Ana nan, bayan an cire amfanin gona, sai wani mai shirya shiri, Kamaruddeen, ya zo daga wani gidan talabijin na birni da masu ɗaukar hoto. Ya ce gasa za a yi tsakanin rumfunan biyu. Za a ba kowa tsohon babur da mako biyu ya sake masa fasali. Ranar ƙarshe kowa zai ɗora buhu biyu na gyaɗa, ya bi hanyar gona har gindin wata tsamiya a bayan gari, ya dawo. Sabiru ya ce to. Abdulkabir kuwa a ranar ya je aka yi masa sabon aski.

Kamaruddeen bai daɗe ba ya gano ko ɗan wane ne Abdulkabir. Mahaifinsa, Malam Nababa, a ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana fitowa a wani wasan barkwanci na talabijin. Shi ne maigidan da matarsa da 'ya'yansa ke yi wa wayo kowane mako, jama'a suna dariya har da hawaye. Da girma ya zo ya dawo gida ya riƙe gonarsa, ya zama dattijon da ake neman shawararsa.

Kamaruddeen ya ja Abdulkabir gefe ya ce, "Ka ga, mutane ba ƙarfe suke son kallo ba, rigima suke so. Tsohon nan an saba ganin 'ya'ya suna juya shi. Idan ya leƙo, ka ɗan ɗaga masa murya. Wallahi sai sunanka ya kai Legas."

Mai hankali da ya ji haka sai ya nuna wa mutum hanya. Abdulkabir kuwa washe baki ya yi.

Ya kama aiki. Ya yanke ƙarfen da ke riƙe da babur ɗin daga kai zuwa kujera, ya saka bututu a tsakani don ya ƙara masa tsawo, ya yi walda. Waldar ta kama sosai, sai dai ta yi tudu, kuma tudun bai yi masa kyau a hoto ba. Ya ɗauko injin gurza ƙarfe ya hau gogewa.

A daidai lokacin Malam Nababa ya shigo da sallama, dawowarsa daga gona ke nan. Ya tsaya ya duba, ya ce, "Abdulkabir, dakata. Wannan tudun da kake cinyewa shi ne ƙarfin wurin. Babur ɗin nan kunyoyin gona zai tsallaka da kaya, ba kwalta zai hau ba. Bar shi da muninsa."

Abdulkabir ya saci kallon kyamara, ya ga tana kansa. Sai ya yi jifa da sufana ta daki kwanon rumfa, ya daka tsawa: "Baba, ka fita mini daga aiki! Me ka sani a kan ƙarfe? Kai da ka ƙare rayuwarka ana yi maka dariya!"

Wasu manoma biyu da ke jiran gyara suka sunkuyar da kai don kunya. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gaskiya ne, an yi mini dariya. Amma ni rigar wani nake sawa in yi wauta, in an gama in tuɓe ta in dawo gida da mutuncina. Kai da sunanka na yanka kake yi." Ya saɓa fartanyarsa ya fita.

Da labari ya kai gida, mahaifiyarsa Hure ta aika aka kira shi. Ta ce, "Tun rana ba ta faɗi ba ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri."

Ya ce, "Haba Inna, shiri ne fa kawai. Ku ba za ku gane ba."

Bai je ba. Ya koma ya goge waldar nan har ta yi sumul, ya shafe ta da jan fenti, ya jera madubai huɗu. Babur ya fito yana sheƙi, kuma gaskiya duk wanda ya gani sai ya sake kallo. Na Sabiru kuwa baƙi ne ƙirin, da kariya mai faɗi da tudun walda a kowace gaɓa.

Ranar gasa ta faɗo ranar kasuwa, jama'a suka cika bakin hanya. Aka ɗaure wa kowa buhunansa. Abdulkabir ya fizgi babur ya wuce yana ɗaga wa mutane hannu. Ya tsallaka kunyar farko lafiya. A ta biyu aka ji ƙas. A ta uku babur ya rabe biyu, daidai inda ya goge. Tayar gaba da madubai suka yi gaba, shi da gyaɗa suka zube a cikin karmami. Sabiru ya iso a hankali, ya tsaya ya tambaye shi ko ya ji ciwo, sannan ya ƙarasa tsamiya ya dawo.

Da aka nuna shirin, Kamaruddeen ya haɗa tsawar da faɗuwar wuri ɗaya, ya maimaita su sau uku. Kafin mako ya zagayo babu wayar da hoton bai shiga ba. Sunan ya yi nisa kamar yadda aka yi masa alkawari, sai dai ba da irin yabon da ya yi mafarki ba.

Manoma ba su yi masa faɗa ba, sun dai daina zuwa. Wani ya ce ba zai ɗora buhunsa a kan waldar da aka yi don hoto ba. Wani ya ce hannun da ya yi jifa a gaban uba ba zai taɓa masa babur ba. Abdulkabir ya koma yini a rumfa yana korar ƙuda, yana kallon layi a tsallaken titi.

Wata safiya ya hango mahaifinsa yana turo tsohon babur ɗinsa, kariya ta karye tana lilo. Ya miƙe da sauri, ya share benci, ya ɗauko kayan aiki, zuciyarsa ta yi sanyi. Malam Nababa ya zo daidai rumfar, ya yi masa sallama kamar yadda ake yi wa kowa, ya tsallaka titi ya shiga layin Sabiru.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda ya yi aiki don ido ba don amfani ba, aikin da kansa zai tona masa asiri a gaban idon da yake nema. Kada ka raina mutanen da kake ci daga guminsu, kada kuma ka sayar da girman iyayenka don tafin baƙi. Masu kyamara za su naɗe kayansu su koma birni, kai kuwa a garin za ka ci gaba da zama da abin da ka aikata.