Yarima Zuhairu da Zuhairun Madubi

Masu riwayar labaran mutanen farko sun ce, a zamanin da aljanu da 'yan Adam ke cin kasuwa ɗaya ba wanda ya damu da wani, an yi wani sarki a birnin Sarmada mai suna Ma'arufu, wanda Allah Ya hore wa mulki da dakaru da yalwar ƙasa, sa'an nan Ya ba shi ɗa guda tilo, Yarima Zuhairu, jarumin da tun bai cika shekara ashirin ba ya ratsa hamada bakwai, ya halaka macijin Dutsen Ƙarfe, ya ƙetare Babban Tafki. A duk wannan tafiya akwai magatakarda Malam Ɗayyabu a bayansa bisa alfadari, yana rubuta abin da Yarima ya aikata da abin da ya furta, mai daɗin ji da marar daɗi. A bakin ƙofar ƙasar aljanu suka rabu. Malam ya juyo gida da takardunsa, Yarima ya shiga walimar kwana bakwai da Sarkin Aljanu ya gayyace shi.

Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne, kwanan aljanu ba irin namu ba ne. Ya ci, ya sha, aka ba shi kyautar takobi, ya fito rana ta takwas da ƙuruciyarsa cif, ya tarar shekara arba'in ta shuɗe a Sarmada.

Ya sami mahaifinsa ya tsufa tukuf, har sai an ɗaga masa gira kafin ya ga mutum. Malam Ɗayyabu ya daɗe da rasuwa, amma littafinsa, Tafiyar Zuhairu, ya zama abin da kowane yaro ke fara karantawa da zarar ya iya haɗa baƙi, har waɗanda suka fara karanta shi sun yi jikoki. Yarima, wanda dama bai taɓa ƙin yabo ba, da jin haka sai ya naɗa rawani ya nufi kasuwa don a gan shi. Ya kuwa iske yara maza da mata suna tsalle da takubban kara, kowa na ihu, "Ni ne Zuhairu!" Ya tsaya a tsakiyarsu, ya gyara murya, ya ce, "To, ku kwantar da hankalinku, ga Zuhairun nan da kansa."

Yaran suka dube shi daga sama har ƙasa. Wata yarinya mai giɓi ta ce, "Kai malam, Zuhairu fa ya fi ka tsawo, kuma shi yana tsallake doki bakwai a jere. Zo ka gan shi."

Suka ja shi zuwa wani babban zaure, inda aka jingine madubi mai girman ƙofar gari, aikin bokayen birnin Zujaja, wanda ke nuna labarin littafin yana motsi yana magana. A cikinsa ga wani kyakkyawan aljani mai suna Daizanu, sanye da sulke irin na Yarima, yana amsa sunan Yarima, yana kashe macijin da Yarima ya sha wuya kafin ya kashe, shi kuwa ko gumi bai yi ba. Da aka zo wurin kirari, Yarima ya kasa kunne, domin ya san abinsa: "Ni ne Zuhairu ɗan Ma'arufu, guguwa mai tuge kuka, na sha hamada ban roƙi ruwa ba, na taka Tafkawa masu ƙarnin kifi, rabin mutum rabin kwaɗo!" Sai ya ji na madubi ya ce, "na ƙetare tafki da hannun masu tafki," yara kuma suka ɗauka da sowa kamar za su tsaga rufin.

Kishi ya turnuƙe Yarima har ya ji ɗacinsa a harshe. An ɗauke masa fuska, an gyara masa baki, kuma abin da ya fi ci masa rai, yaran sun fi son gyararren. Ya koma fada ya faɗi gaban sarki. Sarki ya ce, "Ɗana, karagar nan shekara arba'in nake ɗumama maka ita. Hau ka bar ni in huta." Yarima ya ce, "Allah Ya ja zamaninka, ba zan hau karaga da sunan da wani ke yawo da shi ba. Zan tafi Zujaja in farfasa uwar madubai, wadda duk sauran ke ɗaukar hoto daga gare ta, domin yaran duniya su san Zuhairu ɗaya ne."

Ya yi kwana goma sha tara cikin Hamadar Jan Rairayi, inda ya ga tsuntsaye masu fukafukan tagulla, da rijiyoyin da ke tafiya idan an nufe su, da itatuwan dabino masu yin sallama ga matafiyi. A ƙarshenta ya ci karo da ifiritu mai kai uku, mai gadin hanya. Yarima ya faɗi sunansa, sai kawunan uku suka bushe da dariya, na tsakiya ya ce, "Kai ɗan samari, mu ma fa muna kallon madubi. Je ka turo mana na gaskiyar."

To, takobin da Sarkin Aljanu ya ba Yarima yana da sharaɗi: ba ya fita daga kube sai mai shi ya yi kirarinsa cikakke, daga farko har ƙarshe, ba ragi. Yarima ya zuba kirarin nan kaf, takobi ya fito yana walƙiya, kafin ifiritu ya gama dariya biyu daga kawunansa sun san ƙasa, na ukun ya nemi gafara. Yarima ya wuce, amma nasarar ba ta yi masa daɗi ba, don ba yaro ko ɗaya da ya gani.

Daga nan ya iso gaɓar Babban Tafki, ƙasar Tafkawa, inda ya tarar da wata budurwa tsaye cikin kwalekwale riƙe da gora, mai kwarjinin da ya sa ya manta ƙishirwarsa. Ita ce Gimbiya Rumasa'u, 'yar Sarkin Tafki. Ya gaya mata ko shi wane ne da inda ya nufa, yana jiran ta yi dariya kamar kowa. Ba ta yi ba. Ta ce, "Na yarda kai ne. Kakana Makau ya siffanta mana kai har tabon da ke haɓarka. Shi ya tuƙa ka kwana uku a tafkin nan, ya ciyar da kai, ya tsamo ka da ka faɗa ruwa. A littafinka ba shi da suna, sai dai wawan mai kwalekwale."

Yarima ya ɗan sha jinin jikinsa, amma ya daure ya ce, "Gimbiya, haka ake magana a zamaninmu. Wasa ne na jarumai, ba wanda ya ga laifinsa."

Ta ce, "Mu mun gani, ranka ya daɗe, ba a dai tambaye mu ba ne. An kai ni karatu Sarmada ina 'yar shekara tara. Ranar da malam ya karanta shafin kirarinka, duk ajin suka juyo suna yi mini kukan kwaɗi, kuma ba su daina ba har na bar garin. Abin haushin, ina son littafin. Na haddace faɗanka da maciji tun kafin su haddace. Ni ce na je Zujaja na tsaya gaban Boka Marzuƙu, shugaban masu madubai, na ce ko a gyara baitin nan ko kada madubi ɗaya ya ƙetare ruwanmu. Daizanu kuwa, Allah Ya saka masa, shi ya fara goyon bayana. Aljani ne mai ladabi, ga iya magana."

Wannan yabo na ƙarshe ya soki Yarima fiye da duk abin da ya gabata, domin a ɗan tsayin nan zuciyarsa ta riga ta kamu, ga shi kuma nan ma Daizanu ya riga shi isowa. Ya ce cikin fushi, "To, tunda haka ne, sai in nemi wata hanya." Ta ce, "Shigo. Mu Tafkawa ba ma barin matafiyi a gaɓa, ko da ya zage mu." Ta tuƙa shi kwana uku, yana zaune ya cika ya yi fam, ita kuwa tana ta ba shi gasasshen kifi, yana ci.

Birnin Zujaja kuwa, ganuwarsa ta ƙarau ce, titunansa na zaiba daskararriya, a cikinsa akwai aljanu masu ɗinka gajimare, da masu rina hasken rana, da masu koya wa dodanni yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba. Boka Marzuƙu ya tarye su, ya ji buƙatar Yarima, ya ce hukuncin birnin shi ne a kara a fili gaban uwar madubai, wanda ya yi nasara ya yi abin da ya ga dama da ita. Aka buga tambura, aljanu suka ɗebo yara daga kowace ƙasa don su shaida, aka zaunar da 'ya'yan Tafkawa a sahun gaba saboda su ne mafi kusa, kowannensu riƙe da takobin kara.

Daizanu ya fito, ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya kai ɗan Ma'arufu, ban saci sunanka ba, na same shi ne kwance a takarda ƙura na cin sa, na ɗauka na goge. Abin da na cire daga bakinka, ƙaya ce na cire daga ƙafar yara. In ka ga na yi laifi, ga ni, kuma ka sani ƙarfina ba na madubi kaɗai ba ne."

Yarima ya ce, "Ya kai mai aron fuska, ni na sha ƙishirwar, kai ka sha tafin. Ni maciji ya sara, kai aka yi wa waƙa. Yau za a san wanda uwarsa ta haifa Zuhairu."

Ya dafa ƙotar takobi ya fara kirari da murya mai girgiza ganuwa. Ya faɗi guguwa, ya faɗi hamada, yara suna amsawa, don har nan sun san shi. Da ya iso baitin ƙarshe sai idonsa ya sauka a sahun gaba. Ga 'ya'yan Tafkawa sun ɗaga takubbansu na kara, bakinsu a buɗe, suna jiran su amsa da "hannun masu tafki", ba su san abin da ke tafe ba. A bayansu ga Rumasa'u, ita ta sani, ta zuba masa ido kawai. Yarima ya buɗe baki, ya rufe. Ya ja takobi, takobi ya ce bai san zancen ba.

Daizanu bai jira ba, ya kawo sara. Haka Yarima ya yi yaƙin nan da takobi a cikin kube, yana karewa kamar mai riƙe da taɓarya, tun hantsi har rana ta take tsaka, an yanke shi a kafaɗa, an yanke shi a cinya, jini ya jiƙa sulke. Da ya ga abin ba zai ƙare ba, sai ya jefar da garkuwa, ya shige jikin aljanin, ya sunkuce shi, ya maka shi da ƙasa har ƙarau ɗin ganuwa ya amsa. Ya taka ƙirjinsa, ya ɗaga takobin da kubensa a kan uwar madubai, ya saurara don ya ji sowar da ya ratso hamada dominta.

Abin da ya ji shi ne kuka. Yara dubu suna kuka suna cewa, "Tashi, Zuhairu! Tashi, kada mugun nan ya kashe ka!"

Wallahi saran da aka yi masa bai kai wannan zafi ba. Ya tsaya hannunsa a sama, kishi na ce masa ya buga, ya kuwa gane cewa in ya fasa madubin, Zuhairun da zai rage wa yaran nan shi ne mutumin da ya sa su kuka. Ya sauke hannu a hankali, ya miƙa wa Daizanu ya tashe shi, ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Riƙe sunan. Amma ka rage tsallen nan na doki bakwai, ƙarya ce, uku na taɓa yi."

Rumasa'u ce ta ɗaure masa raunukan da hannunta, kuma kafin su gama ƙetare tafki a komowa magana ta ƙullu. Aka ɗaura aure a Sarmada, aka yi shagalin kwana arba'in wanda mutane da aljanu suka halarta, Sarki Ma'arufu ya naɗa ɗansa da hannunsa, ya sami hutun da yake nema. Umarnin farko da sabon sarki ya bayar shi ne a sake kwafar littafin, a sa sunan Makau a inda ya dace, a gyara baitin, tsohon kwafin kuma a ajiye shi a taskar fada ba tare da an goge ko harafi ba, domin duk mai son sanin abin da ya faɗa da bakinsa ya je ya gani. Takobin aljanu bai sake fita daga kube ba, ya yi mulkinsa da na maƙeran gari.

Kada dai a ce kishin ya warke, don bai warke ba. Duk ranar da ya ji sowa daga zauren madubi sai fuskarsa ta canja, fadawa su kama kansu. Wata rana da la'asar, 'yarsa mai shekara shida, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, ta dawo daga kallo da gudu, ta haye cinyarsa tana haki, ta ce, "Baba, Baba, ashe sunan Zuhairu aka sa maka?"

Sarki ya dubi Rumasa'u, ta kawar da kai tana danne dariya da gefen mayafi. Ya dubi yarinyar, idanunta na ƙyalli don murnar ubanta ya yi sa'ar suna. Ya shafa kanta.

Ya ce, "E, uwata. Sunansa na ci."