Kogin da Shekarau Ya Bi Yana Yaro

A zamanin da, tun dajin kudu bai san gatari ba, an yi wani maharbi a ƙauyen Marke Bakwai ana kiransa Shekarau. Mutum ne dogo marar yawan magana. Masu ba da labari sun ce ya taɓa yin kwana bakwai cikin garken gwanki, yana kiwo tare da su, ba su gane ɗan'adam ba ne. Maroƙa kan yi masa kirari su ce: Shekarau ƙanen Kyauta, ƙaya a tafin giwa, kibiya ba kya tambayar hanya!

Yana da shekara arba'in aka yi fari shekara uku a jere. Rijiyoyin ƙauyen suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya har saura guda, ita ma sai an kwaso laka an tace a tsumma. Mai gari Cindo ya tara dattawa a ƙofar gidansa don a yanke inda za a nufa. Duk inda aka aika 'yan leƙe, labari ɗaya suke kawowa: babu ruwa.

Can sai Shekarau ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani kogi cikin duwatsun kudu. Na taɓa bin sa ina yaro."

Ya ba su abin da ya rage masa a ka. Kawunsa, wanda sana'arsa ɗebo zuma, shi ya tafi da shi, kuma kawun ya daɗe da rasuwa. Yana tuna wuni guda suna hawa cikin kwazazzabo, ruwa na dukan ƙwaurinsa, ruwa mai sanyin da ke sa haƙori zogi, alhali bazara ce. Yana kuma tuna wani dutse a bakin kwazazzabon mai huda a tsakiya, ana hango sama ta ciki.

Mai gari ya ce, "Yaya sunan kogin?"

"Ban sani ba."

"Tafiyar kwana nawa ce daga nan?"

"Rabin hanyar a kafaɗa aka kai ni, ranka ya daɗe."

Yayarsa Kyauta, wadda ta rene shi, ta ja shi gefe bayan taron. Ta ce, "Shekarau, da zazzaɓi Kawu ya dawo da kai. Kwana goma kana sambatu, ni na yi jinyarka. Ina ka san ba a cikin zazzaɓin ka ga kogin nan ba?"

Amma rijiya ba za ta jira ya je ya dubo ya dawo ba. Gida ashirin da uku suka ɗaure kayansu, suka cika salkuna da ruwan laka, suka bi bayansa.

Kwana tara suka yi a hanya. Mutumin da bai taɓa ɓata a daji ba, sai ga shi kullum yana tuhumar kansa. Yau ya ga kamar rana na hannun damansu lokacin da suke hawa da Kawu, gobe ya ga kamar tana hagu. In ya waiga ya ga mata da goyo suna taka sawunsa, sai ya kau da kai. Ya daina cin abinci sosai.

Da suka isa gindin duwatsun suka tarar da kwazazzabai uku, kowanne busasshen yashi ne a bakinsa. Shekarau ya zaɓi na farko don shi ya fi faɗi. Suka yi wuni suna hawa, sai suka ci karo da bangon dutse, ko danshi babu. A hanyar dawowa jakuna biyu suka faɗi, aka kuma binne wani tsoho da ƙishi ya kayar.

Washegari suka tsaya a bakin na biyu. Ruwan da ya rage na wuni ɗaya ne. Na ukun yana can da tafiyar rabin yini, saboda haka duk wanda aka zaɓa, shi ke nan. Shekarau ya zagaya, ya dubi kowane dutse. Akwai wani da ya rankwafo kan hanya, amma tsayinsa bai fi na rumbu ba, kuma ba huda a jikinsa.

Mai gari ya ce, "Sarkin baka, mu shiga ko mu wuce?"

Shekarau ya sake duban dutsen. Ya ce, "Wanda na sani ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. Wataƙila Yaya ce ta faɗi gaskiya."

Kyauta ta sauke kayanta ta matso. Ta ce, "Shekararka nawa lokacin?"

"Shida, Yaya."

"Ka kai ƙugun Kawu?"

"Ban kai ba."

"To me ya sa kake neman dutsen daga can sama? Sauko."

Babban maharbi ya ajiye baka da kwari, ya tsugunna a kan yashi gaban jama'a, ya ɗaga kai. Sai dutsen ya tashi a kansa kamar hadari. A ƙarƙashin rankwafowarsa ga huda ta miƙe sama a karkace, inda mai tsaye ba zai taɓa ganinta ba, ga shuɗin sama a ciki.

Ya ce, "Mu shiga."

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, domin shekara talatin da huɗu sun isa su kashe kogi. Suka hau har rana ta raba tsaka, yashi na ƙuna. Rana ta karkata, yara suka daina kuka don ba su da ƙarfinsa. Sai dab da la'asar jakin da ke gaba ya ɗaga kunne ya fizge igiyarsa. Yashin ya soma manne wa ƙafa. Suna karya wata kwana suka ji ƙara, sai ga ruwa yana zubowa daga dutse zuwa dutse, yana nutsewa cikin yashi a daidai inda suke tsaye.

Mutane suka ruga. Shekarau ya tsaya sai da kowa ya sha, sannan ya ɗebo da tafin hannu ya kurɓa. Ya daɗe riƙe da muƙamuƙinsa kafin ya dubi yayarsa ya ce, "Shi ne."

A nan suka sare daji suka kafa gari, suka sa masa suna Tsugunni. Kogin bai taɓa ƙafewa daga sama ba, ko a shekarun da fari ya tashi garuruwan fili. Kabarin Kyauta yana gefen dutsen, an kewaye shi da duwatsun rafi. Har yau duk baƙon da ya zo bakin kwazazzabon, ko da basarake ne bisa doki, sai ya sauka ya tsugunna ya ga sama ta hudar kafin ya wuce. Wanda ya ƙi, mutanen Tsugunni ba sa yi masa faɗa. Su dai ba sa nuna masa hanya.