Nauyin da Ya Fitar da Kwale-kwale

"Taka mana! Taka totur!"

"Yaya, me kake gani nake takawa, tuwo? Ga ƙafata nan har ƙasa!"

"To me ya sa kake dawowa baya?"

"Tambayi motar!"

Masu wannan hayaniya wa ne da ƙanensa. Ga yadda abin ya faru.

Akwai wani mutum masunci, yana da kwale-kwale guda ɗaya, da shi yake ciyar da gidansa. Wata rana cikin damina kwale-kwalen ya tsage, yana shan ruwa, kogi kuma yana ta cikowa. In ba a fitar da shi an kai wa kafinta ba, ruwa zai tafi da shi. Sai ya kira ƙanensa mai a-kori-kura. Suka ɗora kwale-kwalen a kan amalanken ƙarfe, suka ɗaura a bayan motar, domin su ja shi su hau gangaren siminti na bakin kogin. Gangaren nan kuwa gansakuka ta rufe shi, kore shar, santsi kamar miyar kuɓewa.

A bayan motar akwai gwaggonsu, mace mai jiki, wadda ta biyo su da itace da buhunan gishiri domin bandar kifi. Tun kafin a fara ja, ƙanen ya dube ta sama da ƙasa, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Gwaggo, ba raini ba ne fa, amma ki ɗan sauka. Aikin nan na bukatar mota sakayau." Ta sauka. Ya sauke itacenta, ya sauke gishirinta, ya kakkaɓe hannu.

To, shi ne ya taka. Tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, wiii, wiii, suna watsa wa yayan laka a fuska. Motar tana hayaƙi, tana kuka, tana zamewa baya kaɗan kaɗan, har ruwa ya taɓa tayoyin. Yanzu ba kwale-kwale kaɗai kogin yake nema ba, har da motar.

Gwaggo ta tashi daga kan dutsen da take zaune, ta ɗaure zanenta tamau. Ta kira matan da suke banda a gefe, "Ke uwar tagwaye, ke mai kwando, ku taso!" Suka kwaso toka daga murhunsu, da yashi, suka zuba a gaban tayoyin. Suka mayar da itacen, suka mayar da gishirin. Sa'an nan gwaggo ta kama ƙarfen motar, ta hau, ta zauna daram daidai kan taya, matan suka bi ta.

Masuncin ya ce, "Gwaggo, sauko! In ta zame, da ke za ta faɗa, ba ki iya ruwa ba!"

Ta ce, "Ya sani. Shi ya sa zai yi hankali." Ta buga rufin motar da tafin hannu. "Ɗan nan, sassauta ƙafar nan taka. Sannu sannu, kamar kana ɗauke da jariri."

Ƙanen ya taka a hankali. Bayan motar ya duƙa saboda nauyi, tayoyin suka ciji toka, suka kama ƙasa. Motar ta matsa, ta ƙara matsawa, kwale-kwalen ya fito yana zubar da ruwa, har suka kai tudu.

Ma'anar wannan misali ita ce: gangaren nan mai santsi shi ne lokacin wahala. Sa'ad da muka shiga cikinsa, mukan fara sauke mutane. Tsohuwar da muke jinya, ɗan'uwa mai yawan bukata, zuwa sujada, gaishe da marar lafiya, duka mukan ce nauyi ne. Sai mu yi ta takawa da ƙarfin kanmu, ga ƙara, ga hayaƙi, muna komawa baya. Ashe nauyin da Ubangiji ya ɗora mana, shi ne yake manna ƙafarmu da ƙasa. Ku kuma dubi matar nan. An sauke ta don jikinta, ba ta jira a ba ta haƙuri ba, ta koma ta zauna a inda ya fi haɗari. Ƙauna ke nan, 'yan'uwa. In kuna da irinta a gida ko a ikilisiya, kada ku ce ta sauka. In ku ne aka sauke, ku ɗaure zane ku koma.

Amma kada ku ɗauka kowa yakan gane nan take. Da suka tsaya a tudu, masuncin ya share lakar fuskarsa, ya leƙa ta taga, ya ce wa ƙanensa, "To, malam direba, yanzu me za ka ce?"

Ƙanen ya shafa sitiyari, ya ce, "Yaya, ai motar nan tun tana ƙarama take tsoron kifi."