Mai Gyaran da Ya Goge Muryar Innarsa

An yi wani mutum a layinmu, mai gyaran tsofaffin kwamfutoci. Likita muke ce masa. Ina son sa, har yau.

Kullum da safe yana wajen 'yan gwangwan, ya tsuguna cikin tulin matattun injuna yana tono. Fanka, batir, madannai, faifan ajiya. Ya hure ƙura, ya kara a kunne, ya ce, "Wannan da sauran numfashi." Kwamfutar da kowa ya sallama, shi yake tayar da ita. Ɗalibai da yawa da hannunsa suka gama karatu.

Amma yana da hali ɗaya. In an kawo gyara ya ga faifai mai lafiya, sai ya kwashe abin da ke ciki zuwa wani gajiyayye na gwangwan, ya goge mai lafiyar ya sayar. Yakan ce, "Tsohuwar mota, me za ta yi da sabuwar taya?"

Ya 'yan uwa, wa ya gani? Murfi a rufe yake.

Wata rana wani maƙwabci ya kawo kwamfuta, fanka ce kawai take ƙara. Likita ya yi abin da ya saba. Bai tambayi mai ita ba.

Bayan sati uku sai ga kawun Likita, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, rungume da kwamfutar cikin zane.

"Ɗan nan, ta ƙi tashi. Wancan karon na aiko maƙwabci ne don kada ka bar aikin mutane saboda ni. Innarka tana ciki."

Matar kawun ce, wadda ta goya Likita. Ta rasu bara. Kafin rasuwarta an ɗauki muryarta tana hira, tana dariya, tana yi wa kawu tsiya a kan munsharinsa. Ita yake kunnawa kowace safiya.

Kwana huɗu Likita yana fama. Faifan ya mutu murus. Mai lafiyar kuwa da hannunsa ya goge shi, ya sayar wa wani mai wucewa.

Ya je ya durƙusa, ya faɗi gaskiya. Kawu ya dafa kan Likita.

"Tashi. Ai kai ma ka rasa ta."

Da zagi ne, da ya fi sauƙi. Labari ya zaga layi. Masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa, shago ya rufe.

Ya 'yan uwa, abin da aka ba ka a rufe amana ne. Ba ka san me mutum ya ajiye a ciki ba, ba ka kuma san na wa ne ba.

Allah ya shirye shi, ya sanyaya zuciyar kawu. Mu kuma Allah ya kiyaye mu daga cin amana.