Jinkar da Gizo Ya Raina

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Iya, mun baza kunne!"

To ku matso. Ke Ladiyo, ajiye ƙwaryar nan, tuwon ba gudu zai yi ba.

An yi wata Bushiya mai 'ya'ya huɗu, mijinta ya rasu ya bar mata su. Kaf garin babu wanda ya kai ta iya jinka, wato rufin ciyawa na ɗaki. Amma a bazarar nan guguwa ta yaye rufin nata ɗakin ta yi gaba da shi, geron gidan kuma ya ƙare ƙaf. Ga shamuwa ta iso gari, kowa ya san ruwa ya kusa. Idan yaran suka kwanta sai su riƙa kallon sama, uwar tana kallonsu, hankalinta a tashe.

Ana haka sai Gizo ya sa aka yi shela: yana neman mai kula masa da sabon rumbunsa. Wanda ya dace zai ci abinci sau uku a rana, ya kuma tafi gida da damin gero duk ranar kasuwa. Bushiya ta ce a ranta, "Bari in je. In na samu abin sa wa yara a baki, sai in dawo in rufe ɗakina."

Ta yi sallama. Ta tarar da Gizo kwance a inuwar tsamiya, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, sauran ƙafafun yana fifita da su. A bayansa ga rumbu ƙato, cike da gero har wuya, amma kansa a buɗe.

"Maigida, aikin da aka yi shela na zo nema."

Gizo ya dube ta sama da ƙasa. "Ke da kika zo a sa'a! Aikin nan kamar naki ne. Sai dai ni ba na ɗaukar mutum sai na gwada shi. Ɗan gwaji ne ƙarami. Gobe ki yanko mini shuci, ciyawar rufi, in ga hannunki."

"Ina laujen?"

"Au, mai neman aiki ba ta da lauje? Da naki za ki zo."

Bushiya ta tafi fadama da laujenta. Kwana biyu tana yanka tana jida, ta tara shuci tuli a ƙofar Gizo.

"Maigida, na dace?"

"Saura ƙiris. Yankan ciyawa ai ko akuya ta iya. Ki saro gora, ki tuƙa igiya, in ga ƙarfinki."

Ta saro gora a bakin rafi. Ta ciro ramar da ta ajiye don nata ɗakin ta tuƙa igiya, har tafin hannunta ya yi ja. A kwanakin nan 'ya'yanta ba su ci komai ba sai tafasa da ɗan gishiri.

"Maigida, na dace?"

"Saura ƙiris, wallahi ƙiris! Ki haɗa mini jinkar rumbun nan in ga basirarki. Kuma masu ɗaga ta, ke za ki gayyato su, ke za ki dama musu fura. Ta nan ake gane mai jama'a."

Kun san dai jinka a ƙasa ake yin ta. A kafa gorar, a ɗaure, a bi ta da shuci zagaye bayan zagaye har ƙoƙuwa. Sai an gama tsaf sannan ƙarfafa su taru su ɗaga ta ɗungurungum su kifa a kan gini. Bushiya ta kwana uku a kanta. Da ta ɗaure igiyar ƙarshe ta ja baya ta duba, ita kanta sai da ta yi murmushi. Jinka ta yi sumul, ko allura ba za ta ratsa ba, balle ruwa. Sai kuma ta ɗaga kai ta ga gabas ta fara duhu, murmushin ya koma ciki.

Ta tafi neman masu ɗagawa. Ta fara da Kurege. Da jin sunan Gizo ya riƙe ƙugu.

"Ke ma? Saura ƙiris, ko? Ni na gina rumbun nan da hannuna, daga tushe har wuya. Da na gama ya ce jelata ta cika tsawo, za ta riƙa share masa gero."

Ta je wurin Biri. Biri ya yi dariya har ya kusa faɗowa daga reshe. "Ni na yi yaɓen rumbun. Ya ce ba ya ɗaukar mai yawan susa."

Ta je wurin Jaki. Jaki ya sauke kunnuwa. "Duk damin da ke ciki a gadon bayana ya zo, ƙanwata. Ya ce muryata za ta hana Ƙoƙi matarsa barcin rana."

Nan Bushiya ta gane wayon Gizo. Abin ya ƙona mata rai ƙwarai, kwana bakwai nata sun tafi a banza, yaranta na kwana a fili. Ta sunkuyar da kai tana neman dabara. Can ta ɗago, idanunta na ƙyalli.

"Yaya Jaki, ku dai ku zo gobe da hantsi. Ba ni da geron fura, amma ba za ku yi nadama ba."

Washegari suka hallara, maƙwabta ma suka fito kallo. Gizo ya fito yana taku ɗai-ɗai. Ya zagaya jinkar sau uku. Daɗi ya cika shi, amma ya murtuke fuska, don ya san in ya yaba a gaban mutane, dole ya ɗauke ta aiki.

"Maigida, na dace?"

"Kayya! Wannan ce jinkar? Dubi yadda ta karkace. A dai ɗora ta haka nan, na haƙura. Ke kuma ki sake gwadawa da ɗakin Ƙoƙi, da madafa, da akurkin kaji. Sannan kafin ki fara aiki a gidana sai kin aske ƙayar nan ta bayanki, kada ki huda mini tabarma."

Bushiya ta durƙusa cikin ladabi. "Maigida, don in fahimta. Jinkar nan ba ta yi ba?"

"Ba ta yi ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaji ba zan rufe da ita ba!"

"Jama'a kun ji?"

"Mun ji!"

"Shucin wa ya yanko, Maigida?"

"Ke mana."

"Gorar fa? Igiyar fa? Masu ɗagawar fa?"

Gizo ya fara ƙifta ido. "Ke... ke ce."

"To Allah ya huci zuciyarka. Ba zan bar maka shara a ƙofar gida ba. Yaya Jaki, bismilla!"

Kafin Gizo ya haɗiye yawu, Jaki ya kutsa ƙarƙashin jinka, Biri ya kama dama, Kurege ya kama hagu, maƙwabta suka sa hannu. Ɗaya, biyu, cak! Jinka ta tashi sama. Maimakon su nufi rumbu, sai suka juya suka miƙi hanya, Bushiya a gaba tana ba da waƙa suna amsawa:

"Gizo ya ce ba ta yi ba!"
"Mu ta yi mana!"
"Gizo ya ce saura ƙiris!"
"Mu mun gama!"

In ka hango daga nesa sai ka rantse wata ƙatuwar malafa ce ta yi ƙafafu take rawa a tsakiyar gari. Mata na guɗa, yara na tsalle. Gizo na bin su a guje yana ihu, "Ku tsaya! Wasa nake yi! Ta yi! Wallahi ta yi!" Wa zai ji shi cikin wannan amshi?

Ɗakin Bushiya dama bai wuce faɗin rumbu ba. Aka kifa jinka ta zauna daram, kamar don shi aka auna. Ba a gama kakkaɓe hannu ba iska ta kaɗa, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Duk suka dunƙule a ciki, ban da Jaki da ya samu shigar da kansa kawai. Yaran suka ɗaga kai suna jiran ɗigo, shiru. Ƙaramarsu ta ce, "Inna, yau sama ta ɓata!" Bushiya ta yi dariya har da hawaye.

Can sai ga sallama, murya na rawa. Gizo ne, ya jiƙe sharkaf, ya ɗora tsohuwar tabarma a ka.

"Bushiya, uwar kirki, gerona yana shan ruwa! Na ɗauke ki aiki. Yanzu-yanzu, babu gwaji!"

"A'a, Maigida, ai ni ma ba na ɗaukar ubangida sai na gwada shi. Ɗan gwaji ne ƙarami. Kurege ya yi gini, Biri ya yi yaɓe, Jaki ya yi dako. Kai wa kowa daminsa har gida, a kanka. Nawa kuma ka kawo tun kafin in taɓa lauje don jinkar rumbunka."

Gizo ya duba dama, ya duba hagu, babu mafita. Ya kai na Kurege, ya dawo yana haki.

"Na dace?"

"Saura ƙiris," in ji Bushiya.

Ya kai na Biri. "Na dace?"

"Saura ƙiris!" in ji yara baki ɗaya.

Ya kai na Jaki, ya kawo nata ya dire, ya zube a ƙasa. "Na dace?"

"Ka dace. Amma aikin rumbunka ba na so. Jinka dai zan yi maka, ƙayata kuma tana nan inda Allah ya dasa ta."

Da ruwa ya ɗauke, Bushiya da Kurege da Biri da Jaki suka haɗa hannu, kwana biyu suka rufe rumbun. Geron saman dai ya riga ya tsiro kore shar, Ƙoƙi ta yi wata guda tana yi wa Gizo gori a kai. Daga ranar su huɗun nan tare suke aiki, mai gini, mai yaɓe, mai dako da mai jinka, kuma duk mai son su sai ya faɗi lada tun a bakin ƙofa.

To kun ji, jikokina. In kun girma kuka je neman aiki, ku je da ladabi, a gwada ku sau ɗaya ba laifi ba ne. Amma in gwaji ya ƙi ƙarewa, ku sani aikin kuke yi a kyauta, ku ɗauki guminku ku yi gaba. In kuma ku ne masu ɗauka, kada ku raina hannun da kuke bukata.

Kungurus kan kusu, kusun ma na rumbun Gizo ne, da tsiron gero a bakinsa. Ladiyo, ɗauki ƙwaryarki.