Hakimi da Kalmar da Ya Gano a Ingila

Hakimin Dutsen Kura ya dawo daga kwas a Ingila da sabon iyayi. Da fada ta cika, sai ya kira Jatau, maroƙin da ke yi masa kirari.

"Turawa suna da wata kalma wai ita 'get'," in ji Hakimi. "Da ita suke samun abu, da ita suke gane magana, da ita suke isa gida. Mu kuwa sai ɓarnar yawu. Kafin Juma'a ka nemo mini kalmar Hausa ɗaya mai yin duk aikin nan, ko ka tuɓe rigar fada."

Jatau ya san babu ita, ga shi rigar ce ke ciyar da gidansa.

Ran Juma'a Hakimi ya fito masallaci, jama'a ta yi dafifi tana jiran kirari. Jatau ya gyara murya ya ce, "Ga wane nan." Wani mai jaki ya gifta, ya sake cewa, "Ga wane nan."

Hakimi ya tsaya cak. "Ina toron giwa? Ina bango madafar bayi?"

"Ranka ya daɗe, gwaji nake yi. Tunda kalma ɗaya ta fi, na fara rage ɓarnar yawun daga sama."

"Ni da mai jaki kalma ɗaya?"

"Ai ta ɗauke ku duka, ko nishi ba ta yi ba."

Hakimi ya saci kallon jama'a, ya rage murya. "Maido mini da giwata, Jatau. Waccan ta yi zamanta a Ingila."