Allon da Fentinsa Ya Ƙi Bushewa

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne, mai tsentseni, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba a shekara ashirin da na yi ina ɗaukar karatu a gabansa. Sunan gidansu kuwa duk inda aka ambace shi sai an gyara zama, domin alƙalai da limamai sun amsa shi, manyan likitoci sun amsa shi, har da wanda ya riƙe minista.

Da zuri'ar suka gina ɗakin karatu, sai ɗan wan Shehi, wani lauya, ya kawo mini sunayen manyansu arba'in in rubuta a allon bakin ƙofa, da yake sana'ata ke nan, kuma ba yabon kai ba, hannuna ba ya rawa. Ina cikin aiki wata malamar asibiti ta zo ta bi jerin da yatsa har ƙasa, ba ta ga mahaifinta ba.

Lauya ya ce, "Baiwar Allah, babanki fa tsintarsa aka yi a ƙofar gida, aron sunan aka ba shi. Ke ma ki sauke shi haka nan."

Ta juya tana share hawaye. Raina ya ɓaci, amma na ja bakina na tsuke, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Kwana uku fenti ya ƙi bushewa. Na kai allon rana, na kunna masa fanka, amma duk sunan da ka taɓa sai ya biyo yatsa. Da abin ya fi ƙarfina na je na durƙusa gaban Shehi, kafin in buɗe baki ya ce, "Akwai wanda kuka bari a waje."

Ya taso da sandarsa, ya sa aka kira lauyan da malamar asibitin, ya daɗe yana duban allon, sannan ya ce:

"Rabin mutanen nan mahaifinta ne ya yi musu wanka, ya sa su a likkafani. Ni ma shi na so ya yi mini, sai ya riga ni. Rubuta shi a sama."

Ranar hannuna ya yi rawa. Ina ɗaga buroshi daga harafin ƙarshe, lauya ya shafa allon tun daga sama har ƙasa, ya dubi tafinsa: fes, ko ɗigo babu.  Sai ya sunkuyar da kai ya ce mata, "Yaya, ki yafe mini."

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya san bayinSa na ɓoye. Allah Ya ɗaukaka darajar Shehinmu, Ya jiƙan mai wankan nan, Ya ba mu albarkacinsu, Ya sa kada a bar mu a waje ranar da za a kira sunaye. Amin.